Shawara nake nema: ƙaramar wuƙar zaman daji, ta maƙera ko ta waje?

Nura Mai Zuma:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da amya kusan 30 a gonarmu ta wajen Tudun Wada, kuma in lokacin ɗiban zuma ya zo nakan yi kwana uku ko huɗu ban leƙo gari ba. Wuƙar da nake riƙewa irin mai naɗewar nan ce, tun ina sakandare take aljihuna, har ta fara lilo. Makon jiya ina kan reshen ɗorawa ina ƙoƙarin yanke igiyar amya, ga hayaƙi a ido, ga ƙudan sun taso, na danna ta da ƙarfi sai ta rufe a kan ɗan alina. Ɗinki huɗu aka yi mini. Na sallama mai naɗewa. Ina son ƙarama mai kube wadda ba ta naɗewa, wadda za ta zauna a ƙugu ba ta dame ni ba in ina hawa bishiya. Wace iri zan nema?

Garba Mahauci:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Ɗinki huɗu ai an yi arziki, na ga wanda jijiya ta tafi.

Abba KD:
Sannu Malam Nura. Ni dai kai tsaye zan ce ka nemi Morakniv Garberg. A Suwidin ake yin ta, a wani gari da ake kira Mora, kuma tun 1891 suke ƙera wuƙa a can. Ruwanta santimita 11 ne ba kaɗan, kaurinsa milimita 3.2, kuma ƙarfen ya ratsa ƙotar tun daga tsini har ƙarshe, ba jela ce kawai aka cusa a ciki ba. Da ita za ka fasa itace: ka ɗora ta a kan gungume ka riƙa dukan bayanta da wani icen har ya tsage. Bayanta kuma an yi shi da kusurwa, yana ƙyasta sandar wuta, wato sandar ƙarfen da ake kartawa ta fitar da tartsatsi. Wuƙa ɗaya, aiki goma.

Garba Mahauci:
Ka ce a doki bayan wuƙa da gungume? To ina gatari ya tafi?

Abba KD:
Dabarar ita ce ka rage kaya, Malam Garba. Masu shiga daji a Turai haka suke yi.

Sadiku Doguwa:
Na karanta wa Kawu Ilu wannan zancen, ya yi dariya har da tari. Ya ce in rubuto muku amsarsa yadda ya faɗa, ga ta:

"Ka gaya wa yaron nan na Kaduna, Allah ya yi masa albarka, ya zo ya fasa mini ƙirya da wuƙarsa in gani. Ko marke. Mu da muke sa gatari ma sai mun tofa yawu a hannu. Shekarata arba'in da wani abu ina kwana a daji, ban taɓa fita ba adda ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya fita ba ita ba sai wanda ya ɓata. Adda ta share hanya, ta sari reshe, ta kashe maciji. Gatari ko barandami ya yi itacen wuta. Ita ƙaramar wuƙa aikinta na hannu ne: yanke igiya, fiƙe turke, gyara ƙotar da ta saki, cire ƙaya a tafin ƙafa, gyara zabo. Wanda ya sa ta aikin gatari ba ita ba ce ta gaza."

Injiniya Bashir:
Kawu ya taɓo ainihin wurin, Allah ya ƙara masa lafiya. Abba, bidiyoyin da kake kallo akasari a dazukan Suwidin da Finlan da Kanada ake ɗaukar su, kuma itatuwan can masu laushi ne, ƙwayarsu a miƙe take, da ka ba su hanya sai su tsage. Ga sanyi da jiƙa, dole mutum ya fasa ice ya kai ga busasshen cikinsa kafin wuta ta kama. Mu a nan wata bakwai ko takwas na shekara ƙirare busassu ne ko ta ina, kara ma ya ishe ka hura wuta. Ƙirya kuwa ita ce maƙera ke nema su yi gawayi, da ita ake taɓarya. Ka ga buƙatar da ta haifi wuƙa mai kauri ba tamu ba ce.

Kuma kauri yana da farashi. Duk lokacin da ruwan wuƙa ya ƙara kauri, yankansa na raguwa, sai ya riƙa tsaga abu maimakon ya ratsa shi. Ka gwada yanka albasa da wuƙa mai milimita 4 ko 5 ka gani, fashewa za ta yi. Ga mai adda a hannu, milimita 2 zuwa 2.5 ya wadatar.

Abba KD:
Na yarda da maganar itace, ban yi tunaninta ba. Amma maganar ƙarfen da ya ratsa ƙota fa? Ni na taɓa sayen wata a intanet, kyakkyawa a hoto, har da zanen kura a jikin kube. Rana ta biyu ina fiƙe sanda ƙotar ta cire ta bar ni da roba a hannu. Da na duba, jelar ba ta kai tsawon yatsa ba, manna ta aka yi da gam.

Injiniya Bashir:
Wannan matsalar aikin banza ce, ba ta jela ba. Wuƙar mutanen Finlan da suke kira puukko ɗaruruwan shekaru ana yin ta da siririyar jela a cikin ice, haka takubban da, haka wuƙaƙen maƙeranmu. In jelar ta kai kashi uku cikin huɗu na ƙota kuma ta zauna daram, hannun ɗan Adam ba zai karya ta da yanka ba. A gidan Mora ɗin ma akwai Companion, ruwanta santimita 10.4, jelarta ba ta fito ƙarshe ba, kuma kuɗin Garberg ɗaya zai saya maka wajen huɗu.

Ɗan Maƙera:
Salamu alaikum. Na ga ana ta Suwidin da Finlan kamar maƙera sun ƙare a ƙasar Hausa. Malam Nura, gidanmu sana'ar ke nan kaka da kakanni. Ka zo da tsawon da kake so, a auna tafin hannunka, a ƙera maka daga sifirin mota, a sa ƙotar marke, baduku ya ɗinka kube. Kwana biyu an gama, kuma ba ka jira jirgi ba, ba ka biya da dala ba.

Garba Mahauci:
Ɗan Maƙera, ka yi haƙuri zan faɗi gaskiya. Ni duk wuƙaƙen aikina na maƙera ne, ba na canjawa. Amma cikin biyar da zan saya a kasuwa, biyu ne za su yi. Wata ka wasa ta da safe, kafin ka gama fiɗar akuya ɗaya ta dakushe. Wata kuma ta taɓa ƙashi sai baki ya ɓalle kamar tangaran. Ba daidaito.

Ɗan Maƙera:
Ba zan musa ba, Yaya Garba. Amma ka ce a kasuwa ka saya. Ta kasuwa daban, ta saƙo daban. Wadda ake zubawa a tabarma gab da Babbar Sallah, a rana ɗaya yaro zai buga ashirin, wasu ma da rodi ko guntun ƙarfen ƙofa ake yi, wanda ko ka tsoma shi a ruwa sau goma ba zai yi tauri ba. Mai saye yana neman ta araha, mai ƙira yana neman ya ci abinci. Araha ba ta ado. In Baba zai yi wa mutum tasa ta kansa, sai ya zaɓi ƙarfen, ya buga, ya bar shi ya huce a toka, ya goge, sannan ya mai da shi wuta. Ba ya yarda ya yi wannan matakin da tsakar rana, sai magariba ta kusa, don ya ga launin jan da idonsa sosai. Ya tsoma a mai, ya fito da ita, ya goge gefe ɗaya ya yi fari, ya ɗora bayanta a kan garwashi yana kallon launi na tafiya daga baya zuwa baki. Da bakin ya yi ruwan karan dawa sai ya ɗauke. In ka yi masa magana a wannan lokacin ba zai amsa ba.

Injiniya Bashir:
Ma sha Allah. Abin da Baba ke yi da ido shi ne abin da masana'anta ke yi da ma'auni. Bari in fassara shi da lamba ga mai so. Ƙarfen sifirin yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin ɗari, shi ya sa yake karɓar tauri kuma yake jure duka. Rodi kabon ɗinsa kaɗan ne, ba tabbas. Tsohon magagari kuma ya haura kashi 1, yana riƙe kaifi sosai amma yana saurin ɓallewa in ba a sassauta shi da kyau ba. Wajen digiri 770 ƙarfe ke daina kama mayen ƙarfe, a ɗan haura nan kaɗan ake tsomawa. Launin karan dawan nan da ya ce kuwa wajen digiri 220 ne. In aka bari ya kai shuɗi, wajen 300 ke nan, ya yi laushi da yawa ga bakin wuƙa. To wadda ke dakushewa da wuri ko dai ƙarfen ne ba na kirki ba, ko an zarce. Wadda ke ɓallewa kuma an tsoma ne ba a sassauta ba.

Gwaji mai sauƙi, Malam Nura: ka tafi da ƙaramin magagari sabo a aljihu. Ka goga a bakin wuƙar a hankali. In ya kama yana ci kamar yana cin ƙusa, ajiye ta. In yana zamewa yana ƙara kamar a kan kwalba, yana ɗan kamawa kaɗan, ta yi.

Ɗan Maƙera:
Amma ka nemi izini kafin ka goga, kar a kore ka daga rumfa.

Maman Hanif:
Sannunku da muhawara. Tun ɗazu nake bi, ina jira wani ya tambayi Malam Nura abu ɗaya, ba wanda ya tambaya. Da wannan wuƙar za ka riƙa yanko saƙar zuma daga amya, ko kana da wata?

Nura Mai Zuma:
Da ita ce, Hajiya. A kan bishiya ba halin canja wuƙa.

Maman Hanif:
To a nan gizo ke saƙa. Ni sarin zuma nake yi ina tacewa ina sa wa a kwalba, shekara shida ke nan. Zuma tana da ɗan tsami a cikinta ko da harshe bai ji ba, kuma ba ta shiri da baƙin ƙarfe. Ka bar wuƙar maƙera da danƙon zuma a jiki ta kwana, da safe za ka ga ta yi baƙi, in ka yanka saƙa fara da ita sai ka ga layin toka-toka a wurin. Akwai wanda yake kawo mini zuma a tsohon gwangwani, na daina karɓa, don launinta na juyawa kuma ana jin ƙarfe a baki. Duk kayan da nake aiki da su ko roba ko farin ƙarfen nan marar tsatsa. Ku kuna ta zancen fasa ƙirya, mutumin nan zuma yake ɗiba.

Garba Mahauci:
Hajiya ta kashe bakin kowa.

Injiniya Bashir:
Gaskiyarta. Ma'aunin tsamin zuma yana wajen 3.9, ya isa ya taɓa ƙarfen kabon. Shi marar tsatsa an zuba masa kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke yin wata 'yar fata da ido ba ya gani wadda ke kare shi. A Companion, mutanen Mora suna amfani da wanda ake kira 12C27, kuma yana wasuwa a dutse ba wahala, ba kamar cokulan kasuwa ba. Na janye rabin maganata: ga mai zuma, marar tsatsa ya fi.

Ɗan Maƙera:
Kakanninmu da wace suka ɗebi zuma, Hajiya? Da tsohuwar zuma ake magani, kuma da wuƙar maƙera aka yanko ta.

Maman Hanif:
Kakanninmu ba sa sa ta a farar kwalba su kai kanti, ɗana. Mai saye yanzu ɗaga kwalbar yake yi ya kalli rana ta cikinta.

Malam Hamisu Gembu:
Ni ma in sa baki daga kan tsaunin Mambila. A nan damina ta fi rani tsawo, hazo kuma har cikin ɗaki. Wuƙar baƙin ƙarfe in ka bar ta a kuben fata kwana biyu, za ka zaro ta ja. Fata tana shan laima ta riƙe. Na koma kuben roba mai ɗan rami a ƙasa inda ruwa ke fita, na huta. Amma ku na Kano matsalarku ta hunturu ce, ƙotar ice ta bushe ta tsage, jela ta fara motsi. Kowa ya duba garinsu.

Issoufou Damagaram:
Salam 'yan uwa. Mu nan wajenmu makiyaya da Buzaye da yawa a damtse suke ɗaura wuƙa, kuben yana da zobe na fata da ake zura hannu. Ga mai hawa itace wannan ya fi ƙugu, don ba ta soke ka a cinya in ka naɗe ƙafa, ba ta kama reshe. Sai dai waccan mai baki biyu ce, ba ta aiki ba ce, kar ka ɗauki irinta. Wuƙar aiki baki ɗaya, don ka samu inda za ka ɗora babban yatsa ka danna. Dabarar kuben kawai nake nufi.

Kuma ku duba kube kamar yadda kuke duba wuƙa. Ka sa ta ciki, ka kifa, ka girgiza. In ta faɗo ba kube ba ne. Ka ce wa baduku ya sa wata 'yar tsiririyar fata tsakanin ɓangarorin biyu a layin ɗinki, don kaifi ya ci ita maimakon zare. Da yawa ba sa sawa in ba ka ce ba.

Abba KD:
In ƙarama sosai ake so ta hawa bishiya, akwai Eldris ta gidan Mora, ruwanta bai kai santimita 6 ba, a wuya ake rataya ta.

Garba Mahauci:
A'a, wannan ta yi kaɗan. Mutum yana daji kwana huɗu, zai yanka zabo ko kaza, wataƙila a samu zomo. An umarce mu mu wasa wuƙa mu hutar da abin yanka, kuma guntun baki yana sa ka yi ta ja kana maimaitawa. Ni a ganina ma'aunin shi ne faɗin tafin hannunka, wato santimita 9 zuwa 11. Da wannan za ka yanka tsuntsu, ka feɗe akuya in ta kama. Rago dai kar ka soma, wannan aikin doguwa ne. Sannan ka duba bakin ya zama yana da ɗan ciki wajen tsini, ba miƙaƙƙe kamar allura ba, in ba haka ba wurin fiɗa sai ka yi ta huda fata.

Abu na biyu, ƙota. Hannunka da zuma ko jini ko kitse santsi yake yi. Ka riƙe ta a shago ka ji ko akwai abin da zai tare ɗan alinka kar ya zame kan kaifi. Ƙotar da aka goge ta yi sheƙi kamar madubi ta ado ce.

Sadiku Doguwa:
Kawu ya ƙara da cewa: "Duk wadda ya saya, kar ya kai wa masu injin wasa na bakin kasuwa. Ka tsaya ka kalla, tartsatsi na tashi, bakin wuƙa na yin shuɗi, yaro na murna ta yi kaifi. Ta mutu ke nan, kaifin kwana ɗaya ne. Ya nemi dutse mai laushi daga rafi, ya sa ruwa, ya zauna. In ya gama ya shafa ta a bayan tsohon bel."

Injiniya Bashir:
Shuɗin nan shi ne digiri 300 da na faɗa ɗazu, injin ya warware aikin maƙeri a daƙiƙa biyar. Kuma a nan irin washin mutanen Suwidin yake da daɗi ga wanda bai ƙware ba: gefen bakin faffaɗa ne shimfiɗaɗɗe, sai ka kwantar da shi gaba ɗaya a kan dutse ka tura, ba sai ka yi ta lissafin kusurwa ba. Ba dutse ma, samfefa mai laushi a kan guntun gilashi ta yi.

Malam Lawal, mai kula da zaure:
Jama'a muhawara ta yi kyau, amma in tuna mana halin da ake ciki. Malam Nura, hanyar Tudun Wada da Doguwa akwai shingayen bincike, kuma a cikin Kano an matsa wa masu yawo da makami saboda faɗan daba da ƙwacen waya. Jami'in da ya ga kube a ƙugunka ko a damtse ba zai tambaye ka amya nawa gare ka ba. Ka naɗe ta cikin buhu tare da adda da abin hayaƙi da rigar zuma, sai ka isa gona ka ɗaura. Abba, kai ma da mai ratayawa a wuya, kar a gan ka da ita a Kawo. Sannan don Allah ban da turo hotunan wuƙaƙen faɗa a nan, na goge guda biyu.

Abba KD:
An ji, ranka ya daɗe. Wani abu kuma, Malam Nura, in za ka sayi ta waje ka yi hattara da jabu. Ka sa wanda ka sani ya taho maka da ita, ko ka sayi a inda za ka iya mayarwa.

Ɗan Maƙera:
Ka ga ta wajenmu ba ta da jabu. In ta ƙi, ka san ƙofar gidan.

Nura Mai Zuma:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na tsaya a kan Companion marar tsatsa saboda maganar Hajiya, ƙanin matata yana dawowa daga Legas ƙarshen wata zai duba mini. Amma Ɗan Maƙera, zan zo wurin Baba ya yi mini ɗaya ta fiƙa da gyaran nama, don a gaskiya bayanin magaribar nan ya shiga raina. Zan taho da magagarina, ka faɗa masa tun yanzu kar ya ji haushi.

Ɗan Maƙera:
Na faɗa masa. Ya ce ka taho da biyu, ɗaya zai mutu a kanta. Ya ce kuma ka haɗo da kakin zuma, a narka a shafe kuben da ƙotar, ba ruwan damina ba tsagewar hunturu.

Maman Hanif:
In za ka kawo masa kaki ka biyo ta wajena da zumar, amma a jarkar roba.